Shekarar da Na Sayar wa Matan Kalgo Ciwo

Ku matso nan, ku bar ƙus-ƙus ɗin. Na ji abin da kuke faɗa a bakin murhu, wai aikin Inna Kulu ba wuya, a dafa ganye a ce wa mace ta zauna a ciki, a miƙa hannu a karɓi tukuici. Ban ga laifinku ba. Ni ma da bakin nan nawa na taɓa faɗin haka, kuma na fi ku iya faɗi, don a ƙuruciyata ba a yi mai rawar kai irina ba tsakanin Gwandu da Kalgo.

Wajen Goggo Nana na koya, yayar mahaifina, a Gwandu, 'yan shekaru bayan shigowar Nasara. Aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina zawarci, ba abin da nake tsinanawa sai surutu, shi ne Baba ya ce in je in riƙa ɗaukar mata kaya. Ungozoma ce, amma ba haihuwa ta fi kawo mata mutane ba. Matan aure ne masu fama da zafi bayan kwanciyar aure, irin wanda ba ya wucewa da wayewar gari. Sai ya kwana biyu, ya kwana uku, mace na tafiya kamar ta taka ƙaya, ba ta iya zama daidai kan tabarma, in za ta kama ruwa sai ta cije leɓe. Kafin ya lafa kuma an sake fama shi.

Kayan aikinta duka ba su cika lefe guda ba. Akwai kasko mai faɗin baki da maginiya ta yi mata musamman, an goge bakinsa sumul don kada ya karci cinya. Akwai tandun man kaɗe, da bagaruwa, da ganyen sabara, da tsummokaran saƙi da ake dafawa a shanya a rana. Sai ɗan dutsen niƙa wanda ba a yarda komai na miya ya hau kansa ba. A watana na biyu na niƙa barkono a kansa, don na gidan yana hannun wata, na wanke na mayar na yi shiru. Goggo ta ɗauko shi za ta yi aiki, ta tsaya, ta sa harshe ta lasa. Ba ta dake ni ba. Cewa ta yi in niƙa kwalli a kai in rangaɗa a idona. Na yini ina hawaye kamar an yi mini mutuwa, ita kuwa tana kaɗi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da la'asar ta ce, "Kulu, wurin da muke wa aiki ɗan'uwan ido ne. Abin da ba ki iya sa wa idonki, kada ki sa wa mace a can."

Shekara guda cur ban taɓa jikin kowa ba. Wankin kasko, yankan farce, ɗora ruwa, da auna ɗuminsa da gwiwar hannu. Sai sauraro, wanda shi ne aikin, ni kuwa shi na fi ƙi.

Mace ta farko da na ga an duba a gabana matar wani maɗinki ce. Ta shigo ta gaisa, ta ce bayanta ke ciwo. Kafin Goggo ta buɗe baki na zabura na ɗauko saiwar ciwon baya ina bayani. Goggo ta ce in je in duba ko akuya ta kwance. Ba mu da akuya. Na fita na laɓe jikin zana ina ji.

"Ɗiyata," in ji Goggo, "zafin nan a bakin ƙofa yake ko can ƙuryar ɗaki?"

Can matar ta ce, "Bakin ƙofa."

"Yana ƙaiƙayi? Kina ganin wani ruwa da ba ki saba gani ba?"

"A'a."

"Yaushe kika yaye?"

"Wata biyu."

"Kin ƙaru a haihuwar?"

"Kaɗan."

"Shi mai gidan, yana sallama ya jira a amsa, ko dirowa yake ta katanga?"

Sai na ji matar ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Shekara biyu tana goyo ba ta je turaka ba, ta koma jiki a bushe, ga tsohon tabo, ga miji mai gaggawa. Goggo ta ba ta man kaɗe ta riƙa murza tabon a hankali kullum, ta ce ta zauna a ruwan ɗumi safe da yamma, ta huta kwana bakwai. Abin da ya rage kuma ba na kasko ba ne, saƙo ne da za a kai wa mijin.

A haka na gane ciwon ba guda ba ne, ko da yake duk kuka ɗaya suke zuwa da shi. Wata bushewa ce, musamman mai goyo da wadda jini ya ɗauke wa. Wata tsoro ne, ta taɓa jin zafi sau ɗaya, tun daga nan jikinta ke ɗaurewa da kansa. Mai ƙaiƙayi da ruwa mai wari sanyi ne, kuma in ba a haɗa da mijin an ba shi magani ba, ta warke yau ya mayar mata gobe. Wadda kuwa zafinta ke can ciki, ga zazzaɓi, ga mara ta ɗaure, Goggo ba ta yi mata ƙarya. Takan ce wannan ya fi ƙarfin kaskonta, a bar matar ta huta, a nemi wanda ya fi ta sani.

Aikin da na fara zuwa ni kaɗai a Malisa ne, gidan wani manomi. Matarsa A'i, 'ya'yanta uku. Na duba, na yi tambayoyin Goggo da muryar Goggo, na gane ba komai ba ne sai gaggawar mai gida. Ƙa'ida ita ce a nemi yayar miji ko goggonsa a ba ta saƙon. Ni kuwa na ga ai ina da baki. Na ja mayafi na same shi a bakin gona, na gaishe shi, na gyara murya na ce, "Malam, ka san dai ba a huɗar ƙasa sai ta sha ruwa."

Ya jingine garma ya ce, "Wallahi gaskiyarki. Bara na yi wanga kuskure."

Na ce a raina, ka ga mai hankali. Na ƙara da cewa, "Kuma gona in ta gaji, hutu take so."

Ya ce, "Shi ya sa na bar ta gabas ɗin bana."

Muka daɗe a tsaye, ni ina zuba karin magana, shi yana gyaɗa kai. Har ya ba ni shawara kan irin geron da ya fi jure fari, ya cika mini ƙwarya da wake. Na dawo Gwandu ina taƙama na ce wa Goggo na gama. Bayan Juma'a biyu sai ga A'i, tafiyarta ba ta sauya ba. Goggo ta sa na maimaita duk abin da na faɗa wa mutumin. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki, sannan ta aika aka kira yayarsa, ta gaya mata magana tsirara cikin numfashi ɗaya. Ba mu sake ganin A'i ba sai ranar da aka kira mu haihuwarta. Waken dai mun ci.

Shekara tara na yi tare da Goggo kafin Allah Ya karɓi abinsa. Ba a jima ba aka shiga shekarar yunwa, damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye. Na ɗaura lefen a ka na koma Kalgo wajen ƙanwata, don can ko ba komai akwai fadama, ana samun 'yar shinkafa da kifi. To a Kalgo ba wanda ya san Goggo Nana, balle ni. In mace ta zo na ce ruwan ɗumi da man kaɗe, sai ta dube ni ta ce ai tana da su a gida. Mutane ba sa ganin girman maganin da suka san sunansa.

Ana nan wata 'yar koli da ta biyo fatake ta sauka kusa da mu. Ta nuna mini wani farin dutse mai ƙyalli, alif, ta ce a garuruwan da ta ratso mata na matsi da shi, mai 'ya'ya biyar ta koma kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Na lasa, ya ɗaure mini baki tamau. Maganar ido ta faɗo mini, ba zan ce ba ta faɗo ba. Sai na ce wa kaina Goggo tsohuwa ce, ba ta zaga duniya ba. Na daka alif da garin bagaruwa, na cura ƙanana kamar ƙwallon magarya, na naɗe a ganye, na ɗaure da wani ƙulli nawa na musamman don kada a yi mini jabu.

Ba a yi wata ba ƙofar ɗakina ta zama kasuwa. Wata ta zo da mudun shinkafa, wata da busasshen kifi, wata da man shanu. Ku dube ni da kyau, ni ce macen da ta yi ƙiba a shekarar yunwa. Har wuyana ya yi layi-layi, ƙanwata na jin kunyar fita da ni.

Sannan suka fara dawowa da tafiyar nan da na sani. In duba in ga wurin ya bushe ya tsattsage. In zaunar da su a kasko, in shafa mai, in ce a huta kwana bakwai. A kwana bakwan nan ba su sa komai, sai su warke, su yi ta sa mini albarka, su sayi sabon ƙulli su tafi. Ni ce kura, ni ce makiyayi. Har mamaki nake yadda ciwon nan ya yi yawa a Kalgo, ina cewa ko ruwan garin ne.

Wata Laraba da hantsi wata tsohuwar Bafilatana ta yi sallama, doguwa, siririya kamar sanda. Ta ce daga rugar Dangoma take, ana ce mata Dada. Surukarta Hajo, matar ɗanta Buba, mai 'ya'ya biyu, wata biyu ke nan ta ƙi ɗakin mijinta, in an matsa sai kuka. Manya sun zauna sun ce gishiri ne ya fito mata, an kira wanzami zai zo jibi ya yanka. Hajo ce ta roƙa a kira ni tukuna.

Ku da kuka taso yanzu, Allah Ya sa kada ku san yankan gishiri. Aska ake sawa a tsaga mace ta ciki, a makance, wai a buɗe hanya. Na taɓa raka Goggo wajen wata da aka yi wa, askar ta zarce, fitsari ya riƙa zuba mata ba tsayawa. An yi mata bukka a bayan gida, nan ta ƙare kwanakinta. Goggo ba ta taɓa riƙe aska don wannan ba, ko an haɗa ta da Allah.

Sai ranar Juma'ar na isa Dangoma, don jakin da na ara ya fi ni taurin kai. Na tarar wanzamin ya riga ni, yana zaune gindin itace da zabirarsa yana shan nono. Na shiga bukkar. Na gane Hajo, tana cikin masu kawo nono kasuwar Kalgo. Ta rame, idanu sun faɗa. Da na duba sai da na kau da kai. Wurin ya saɓule ja wur, ga tsaga-tsaga, ga wani fari-fari a manne.

Na ce, "Hajo, mi kike sawa?"

Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo ƙwarya. Ganye ne a naɗe, sun fi goma, kowanne da ƙullina.

"Naki ne, Inna," in ji ta. "Da zafin ya ƙaru sai na ce ko bai isa ba ne, na koma sa biyu."

Zan so in ce muku nan take na fita na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Na tura ƙwaryar ƙarƙashin gadon da ƙafa, na fito na ce wa Dada wannan iska ce, a jinkirta askar, zan yi turare.

Dada ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Shi ya ce gishiri, ya zo da aska. Ke kin ce iska. Ina ce iska ba ta barin rauni? Na ga raunin da idona."

Wanzamin ya ajiye ƙwarya ya fara kwance zabira. Ya ce rana na yi, yana da kaciya a wani gari. Buba yana tsaye can nesa da sandarsa a kafaɗa, ya ba mu baya. Daga cikin bukkar na ji Hajo ta fara wani kuka ƙasa-ƙasa, da ta ji ƙarar askar ana wasa ta a kan fata.

Na koma ciki, na ɗauko ƙwaryar, na dire ta a tsakar rugar. Na ce, "Ba gishiri ba ne, ba iska ba ce. Wanga abu ne ya cinye ta, kuma ni na haɗa shi, ni na sayar mata. In an yanka ta an yanka mai lafiya."

Wanzamin ya kwance ganye guda, ya lasa, ya tofar, ya yi ta goge harshe da hannun riga. Ya ce, "Wannan kika ba mutum? Ko fatar sa aka jiƙa a ciki ai ta jeme."

Dada ta ce, "Kwana nawa za ta warke?"

Na ce, "Ku ba ni Juma'a uku."

Ta ce, "An ba ki. Nan za ki zauna. In ba ta warke ba wanzami zai dawo, kuma da ke zai fara."

Juma'a ukun nan a bukkar da ake ɗaure maruƙa na yi su. Ban dafa ko ganye ɗaya ba, don rauni ɗanye ba ya son bagaruwa. Ruwan ɗumi zalla sau uku a yini, sai man shanu sabon kaɗawa, sai tsumma mai tsabta, sai fura da nono ta sha ta mayar da jiki. Kwana huɗun farko ba abin da ya sauya, na fara kallon hanyar da zan bi in gudu. A na shida jan ya fara dusashewa. A na goma ta zauna kan tabarma ta tsefe kanta.

Saura mijin. Na tambaya, ba shi da yaya mace, Dada kuwa ta ce ita ba ta wannan magana da ɗan fari ko za a kashe ta. Dole na same shi wajen shanu. Wannan karon ban kawo zancen gona ba. Na tsaya bayansa na faɗa masa komai da sunansa: ya ƙara mata wata guda, in lokacin ya yi ya bi a hankali, ya jira jikinta ya amsa, a sa mai, in ta ce zafi ya tsaya. Kunnuwansa kawai nake gani. Na tabbata da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Can ya ce, "Na ji." Na juya zan tafi sai ya ƙara, yana kallon wata saniya, "Ni ban ce ta sa komai ba. Na ɗauka ƙina take yi." Sannan ya ce, "Ni ma abin yana ƙona ni. Na zaci tawa cutar ce."

Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa na ƙuna, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, ni kuwa ina Kalgo ina cin kifi.

Hajo ta warke sarai. Wanzami bai dawo ba. Amma labari ya riga ni isa gida, don masu tallan nono ba sa barin magana ta kwana. Na tarar an watsa mini ƙulle-ƙullena a bakin ƙofa. Na tsince su, na haɗa da sauran alif ɗin, na kai gulbi na zuba. Sannan na bi gida-gida wajen waɗanda na san sun saya, ina cewa su daina. Wata ta watsa mini ruwan wanke-wanke. Wata ta ce Allah Ya isa. Wata kuma, ku ji ɗan Adam, ta zage ni don na daina sayarwa. Suna ya bi ni, Kulu Mai Alif, har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani ba.

Shekara guda ba wadda ta taka ɗakina, ko haihuwar akuya ba a kira ni ba. Na koma fadama ina yi wa mutane sussuka da shiƙa, a ba ni abin da zan dafa. Ƙibar nan ta zube kamar an kwance ƙulli. Lokacin da kowa ya fara murmurewa daga yunwa, lokacin na shiga tawa.

Wata ranar kasuwa ina zaune ina tsince tsakuwa a shinkafa, sai na ji sallamar da na sani. Dada ce, da mata uku a bayanta, 'yan Wurogauri, dangin mijinta. Na miƙe ina neman inda zan sa kaina. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta juya ta ce musu, "Ga ta nan. Ita ce ta kusa halaka mini suruka, kuma ita ta faɗa da bakinta gaban maza, ba wanda ya kama ta. Sauran masu maganin ban san abin da suka binne ba. Wannan na san nata." Sannan ta dube ni. "Mi kike kallo? Ɗora ruwa."

Na ɗora. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, Dada na zaune a ƙofa kamar dogari. Ta farko sanyi ne, ta biyu jini ya ɗauke mata jiki ya bushe, ta uku tabon haihuwa. Na gama da ta ukun, na ba ta mai, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ɗaura zane, ta leƙa ta ga Dada ta juya baya, sai ta matso kunnena ta ce, "Inna, wancan maganin da ake faɗa, babu ko ɗan saura?"

Na ce, "Akwai, da yawa ma. Yana ƙasan gulbi, in kin iya ninƙaya."

Daga ƙofa Dada ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ba ta iya ba."